Kafuwar Ma'aikatar Hanyoyi ta Jihar Mishigan a Amurka da Bunƙasar Hanyoyin Mota, 1837 zuwa 1931

1.0 Gabatarwa

Idan aka ga hanyar mota shimfiɗe, an yi mata kwalbati da gadoji da alamomi, abin da kan fara zuwa zuciya shi ne aikin injiniyoyi da leburori. To amma kafin injiniya ya kafa turakun awo, dole ne al'umma ta amsa wasu tambayoyi guda uku: hanyar ta wace hukuma ce, wa zai biya kuɗin yin ta, kuma wa zai ci gaba da kula da ita bayan an gama. Tarihin ma'aikatun hanyoyi na jihohin Amurka tarihi ne na neman amsar waɗannan tambayoyi, kuma an daɗe ana kai-komo kafin a same ta.

Wannan maƙala ta ɗauki Jihar Mishigan a matsayin misali saboda dalilai biyu. Na farko, a birninta na Detroit ne sana'ar ƙera motoci ta kafu ta bunƙasa, don haka buƙatar hanya ta matsa mata lamba da wuri. Na biyu, jiha ce wadda tsarin mulkinta ya yi shekara 55 yana haramta wa gwamnati sa hannu a aikin hanya, saboda haka kafa ma'aikatar ma sai da aka sha gwagwarmaya. Za a duba halin da hanyoyi suke ciki kafin 1905, da mutanen da suka tayar da maganar gyara, da dabarar da ma'aikatar ta fara aiki da ita, sannan da yadda nauyin hanya ya tashi daga wuyan manomi ya koma wuyan jiha da masu motoci.

Domin sauƙin fahimta, ya kamata a san cewa mulkin jihar hawa uku ne. Akwai gwamnatin jiha mai hedkwata a Lansing, a ƙarƙashinta akwai larduna 83, kowane lardi kuma an kasa shi zuwa ƙananan gundumomi. Da wannan ma'ana za a riƙa amfani da kalmomin jiha da lardi da gunduma a cikin maƙalar.

2.0 Halin da Hanyoyi Suke Ciki Kafin 1905

2.1 Turbobi da Hanyoyin Soja

Mishigan ƙasa ce mai ɓangare biyu, na kudu da na arewa, waɗanda Mashigin Mackinac ya raba, kuma manyan tafkuna sun kewaye ta ta fuskoki da dama. A farkon ƙarni na 19 mafi yawanta kurmi ne da fadama. Hanyoyin farko turbobi ne na 'yan asalin ƙasar, irin su Ojibwe da Odawa da Potawatomi, waɗanda suka san tudun da ruwa ba ya kwanciya da mashigin da ake iya ƙetarewa. Turawan da suka zo daga baya waɗannan turbobi suka bi, kuma har yau wasu manyan titunan da suka fita daga Detroit a kan sawunsu suke.

A shekarun 1820 da 1830 gwamnatin tarayya ta sare hanyoyin soja daga Detroit zuwa Shikago da Saginaw da wasu wurare. Hanya a wancan lokaci ba ta wuce a sare itatuwa a buɗe sarari ba. Inda aka tarar da fadama sai a jera gumagumai a gicciye, a zuba ƙasa a kai, keken doki ya bi yana tsalle yana jijjiga. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da ƙanƙara ke narkewa, hanyoyin kan rikiɗe su zama kogin taɓo, ƙafafun keken doki su nutse har gindin akwati.

2.2 Bashin 1837 da Haramcin 1850

Mishigan ta zama cikakkiyar jiha a watan Janairu na 1837, a ƙarƙashin gwamnanta na farko Stevens T. Mason. A wannan shekara majalisar dokoki ta amince da wani gagarumin shiri na shimfiɗa layin dogo guda uku da haƙa hanyoyin ruwa guda biyu domin jirage, aka kuma yarda a ciwo bashin dala miliyan 5. Sai dai shirin ya zo daidai da karyewar tattalin arzikin Amurka na 1837. Bankunan da suka karɓi takardun lamunin jihar sun durƙushe tun ba su gama biyan kuɗin ba, aikin haƙa ya tsaya bayan 'yan mila-milai, a 1846 kuma jihar ta sayar da layukan dogonta ga kamfanoni.

Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da aka zo rubuta sabon tsarin mulki a 1850, sai aka sa wata aya wadda ta hana jiha shiga kowane irin aikin raya ƙasa na cikin gida da kuɗinta, in ba ta hanyar filayen da gwamnatin tarayya ta ba ta kyauta ba. Manufar ita ce a kare talaka daga bashin da 'yan siyasa za su ciwo da sunansa. Illar kuwa ita ce, gwamnatin da ta fi kowace ƙarfi a jihar an ɗaure mata hannu game da hanya, aka bar nauyin ga gundumomi, waɗanda su ne mafiya rauni.

2.3 Hanyoyin Katako da Aikin Haraji

Giɓin da jiha ta bari, 'yan kasuwa ne suka fara ƙoƙarin cike shi. Dokar 1848 ta ba kamfanoni damar shimfiɗa hanyoyin katako, su kafa shinge su riƙa karɓar kuɗi daga matafiya. Da yake katako a lokacin arha ne, kamfanoni kimanin 200 suka karɓi izini, ko da yake da yawansu ba su shimfiɗa ko da mil ɗaya ba. Sabuwar hanyar katako tana da daɗin bi, amma cikin 'yan shekaru sai katakon ya ruɓe ya lanƙwashe, kuɗin shinge kuma ya kasa isa a sake shi. Da layin dogo ya yaɗu ya ɗauke kaya masu nisa, sai kamfanonin suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Sauran hanyoyin karkara suna hannun gundumomi tun daga dokar 1827. Kowace gunduma an yanka ta ƙananan shiyyoyi, kowace shiyya da wakilin hanya wanda aka zaɓa daga cikin manoma. Harajin hanya kuwa ana iya biyansa da aikin ƙarfi. Manomi zai fito wasu kwanaki a shekara da dawakinsa da garmarsa da shebur, a rubuta masa ya biya. Wannan tsari ya dace da mutanen da ba su da tsabar kuɗi a hannu, amma yana da manyan nakasu. Wakilin hanya bai san awo ba, bai san yadda ake fitar da ruwa daga kan hanya ba, kuma ba ya iya matsa wa maƙwabtansa. Akan yi aikin ne lokacin da gona ta ba da sarari, wanda sau da yawa ba shi ne lokacin da hanya ke buƙatar gyara ba. Abin da aka fi yi shi ne a kwaso ƙasa da ciyawa daga gefe a tula a tsakiya, ruwan farko ya mayar da su inda suka fito. Daɗin daɗawa, kowace shiyya abin da ke gabanta kawai take dubawa, don haka hanyar da ta yi kyau a nan sai ta yanke a kan iyakar gunduma ta gaba.

3.0 Gwagwarmayar Neman Hanyoyi Masu Kyau

Abin mamaki, waɗanda suka fara ɗaga murya game da hanya mahaya keke ne. An kafa ƙungiyarsu ta ƙasa, League of American Wheelmen, a 1880. Da aka fito da keke mai ƙafafu biyu daidai wa daida, aka kuma sa masa tayar iska a ƙarshen shekarun 1880, sai hawan keke ya zama ruwan dare a birane, har 'yan ƙungiyar suka haura 100,000 a 1898. Mahayi keke shi ne injin kansa, saboda haka duk wani rami da yashi a jikinsa yake ji. Ƙungiyar ta riƙa buga mujalla da ƙasidu, tana kuma matsa wa 'yan majalisa. Wannan matsin lamba na cikin abin da ya sa Jihar New Jersey ta fara ba ƙananan hukumomi tallafin hanya a 1891, Massachusetts ta kafa hukumar hanyoyi a 1893, gwamnatin tarayya kuma ta buɗe wani ƙaramin ofishin binciken hanyoyi a wannan shekara da kasafin dala 10,000.

Manoma dai ba su karɓi maganar hannu biyu-biyu ba, kuma suna da hujja. Harajin hanya a kan fili ake ɗora shi, filin da ke bakin hanyar karkara kuwa nasu ne. A ganinsu, 'yan birni masu yawon shan iska ne ke son a yi musu titi da gumin mai gona. Suna kuma tsoron a ƙwace ikon hanya daga gunduma a miƙa wa wasu jami'ai na nesa, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan ne ya sa ko da majalisar Mishigan ta yi doka a 1893 wadda ta yarda kowane lardi ya kafa hukumar hanya idan jama'arsa suka jefa ƙuri'ar amincewa, zuwa 1905 larduna 18 ne kacal cikin 83 suka yi hakan.

Abubuwa biyu ne suka fara sassauta zuciyar manoma. Na farko shi ne kai wasiƙu har ƙofar gida a karkara, wanda gidan waya ya fara a 1896, kuma ba ya buɗe layi sai inda hanya ke biyuwa. Na biyu shi ne lissafin da masu neman gyara suka riƙa yi musu, cewa muguwar hanya ma haraji ce, domin tana tilasta wa manomi ya rage lodi, ta karya masa keke, ta gajiyar da dawaki, ta kuma hana shi kai amfanin gona kasuwa a lokacin da farashi ya yi kyau.

Mutumin da ya fi kowa tsayawa kan wannan magana a Mishigan shi ne Horatio S. Earle, wanda aka haifa a Vermont a 1855, ya koma Detroit a 1889 yana harkar sayar da kayan noma. Ta ƙungiyar mahaya keke ya shigo, inda wani jagoranta mai suna Edward N. Hines ya ɗora shi kan kwamitin hanyoyi. A 1900 ya shirya babban taron hanyoyi a garin Port Huron, inda aka shimfiɗa wata 'yar hanya ta gwaji domin mutane su gani da idonsu, a wannan shekara kuma aka zaɓe shi ɗan majalisar dattawan jiha. Mutum ne mai iya magana da manoma da harshen da suke ji, ya kan siffanta taɓo a matsayin wani azzalumin sarki da ke mulkin jihar, wanda ya wajaba a yaƙa.

A 1901 ya sa majalisa ta naɗa kwamitin nazarin hanyoyi, a 1903 kuma aka yi dokar kafa ma'aikata, Gwamna Aaron T. Bliss ya naɗa shi kwamishina. Ba a jima ba Babban Lauyan Gwamnati ya bayyana cewa dokar ta saɓa wa ayar 1850. Earle bai ajiye aikin ba. Ya ci gaba da zagaya jihar har shekara biyu ba albashi, yana neman a gyara tsarin mulkin kansa. A watan Afrilu na 1905 aka yi ƙuri'ar raba gardama, jama'a suka amince jiha ta riƙa taimakawa wajen gyaran hanyoyin keken doki na jama'a, kuma gyaran ya sami rinjaye a dukkan larduna 83.

4.0 Kafuwar Ma'aikata da Tsarin Tukwici

Ma'aikatar Hanyoyi ta Jihar Mishigan ta fara aiki ranar 1 ga Yuli, 1905, a zamanin Gwamna Fred M. Warner, Earle yana kwamishina, wani injiniya mai suna Frank F. Rogers yana mataimakinsa. Ma'aikatanta ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba, ofishinta aro ne a cikin ginin majalisa a Lansing, kuɗin gudanarwarta na shekara kuma dala 10,000 ne. A gabanta akwai hanyoyi masu tsawon mil 68,000, waɗanda daga cikinsu mil 7,700 ne aka zuba wa tsakuwa, mil 245 kuma aka yi wa makadam. Makadam salon shimfiɗa ne da aka sa wa sunan John McAdam, mutumin Sikotilan, inda ake zuba fasasshen dutse hawa-hawa ana daddaɓewa har ya kama juna. Motocin da aka yi wa rajista a jihar a wannan shekara ba su kai 3,000 ba.

Ma'aikata mai wannan ƙaramin ƙarfi ba ta iya gina hanya da kanta, doka ma ba ta ba ta wannan iko ba. Dabarar da aka bi ita ce ta tukwici. Gunduma ko lardi zai nemi izini, ma'aikata ta duba zanen aikin, ƙaramar hukumar ta yi hanyar da kuɗinta bisa ƙa'idar da doka ta shimfiɗa game da faɗi da kauri da gangara da magudanar ruwa. Idan an gama, jami'in jiha ya zo ya duba, in aikin ya cika ƙa'ida sai a biya tukwici a kan kowane mil, daga dala 250 zuwa dala 1,000 gwargwadon ingancin shimfiɗar. Hanyar makadam ita ke samun mafi tsoka. Gundumar Elkland da ke kusa da garin Cass City ita ta fara cin wannan moriya a 1905: ta kashe dala 985 ta faɗaɗa mil ɗaya ta zuba masa tsakuwa, jiha ta mayar mata da dala 500.

Idan aka lura, hikimar wannan tsari ta wuce ta kuɗi. Da farko, bai ƙwace hanya daga hannun kowa ba, don haka ya kwantar da hankalin masu tsoron mulkin nesa. Na biyu, kuɗin tukwici daga baitulmalin jiha yake fitowa, wanda birane ma ke zuba wa haraji, saboda haka ƙorafin manoma na cewa su kaɗai ke biya ya ragu. Na uku, kuma mafi muhimmanci, ta wannan hanya ce ƙa'idar injiniya ta shiga karkara. Wanda ke son tukwici dole ya koyi yin awo, ya ɗaga tsakiyar hanya domin ruwa ya gangara, ya haƙa lambatu, ya sa kwalbati. Mil ɗaya mai kyau a tsakiyar mil goma na taɓo ya zama makaranta ga duk wanda ya bi ta kansa. A 1907 majalisa ta soke biyan harajin hanya da aikin ƙarfi, ta mayar da shi na tsabar kuɗi, wanda ya ba gundumomi damar ɗaukar ƙwararru da sayen injuna.

Sai dai tsarin yana da rauninsa. Tunda ƙananan hukumomi ne ke zaɓar inda za a yi aiki, sai hanyoyin tukwici suka kasance gutsattsari, nan mil ɗaya can mil biyu, galibi daga gona zuwa tashar jirgin ƙasa mafi kusa. Gundumomi masu hali suka yi gaba, matalauta suka tsaya inda suke. Hakan bai dami mai keken doki ba, domin tafiyarsa ba ta da nisa. Da mota ta zo, sai raunin ya fito fili.

5.0 Zuwan Mota da Hanyar Kankare

A 1908 kamfanin Ford ya fito da motar Model T, a 1913 kuma ya fara harhaɗa ta a kan layi mai tafiya a masana'antarsa ta Highland Park, farashi ya riƙa faɗuwa har manomi ma ya iya saye. Daga nan wanda ya fi kowa adawa da kashe kuɗi a hanya ya koma cikin masu nema. Amma mota ta zo da wata matsala ta daban. Ƙafar ƙarfe ta keken doki tana niƙa dutsen makadam ta ƙara danne shi, ita kuwa tayar roba mai gudu tsotse garin dutsen take yi ta watsar, hanya ta wargaje, ƙura ta turnuƙe gidaje da gonaki.

Hukumar hanyoyi ta Lardin Wayne, inda Detroit take, ita ta fara neman mafita. An kafa ta a 1906, kuma cikin wakilanta na farko akwai Edward Hines da Henry Ford. A 1909 ta shimfiɗa mil ɗaya na kankare a titin Woodward, a kan kuɗi kimanin dala 13,500, wanda dala 1,000 daga ciki tukwicin jiha ne. Shi ake ɗauka a matsayin cikakken mil na farko na hanyar karkara ta kankare a Amurka, kuma injiniyoyi sun riƙa zuwa daga jihohi daban-daban domin su ga yadda zai jure. A 1911 Hines ya sa aka ja farin layi a tsakiyar wata hanya a Trenton domin raba masu zuwa da masu komawa, a 1917 kuma aka yi irin wannan a wata muguwar kwana tsakanin Marquette da Negaunee a ɓangaren arewa. Ya kamata a lura cewa waɗannan sababbin dabaru daga larduna suka fito. Rawar da ma'aikatar jiha ta taka ita ce ta tallafa, ta gwada, sannan ta yaɗa abin da ya yi nasara.

6.0 Daga Ba da Tukwici Zuwa Ɗaukar Nauyi

Earle ya bar kujera a 1909, Townsend A. Ely ya gaje shi. A 1913 aka mayar da muƙamin kwamishina na zaɓe, Frank Rogers ya ci, ya kuma riƙe shi har zuwa 1929. A zamaninsa ne ma'aikatar ta tashi daga mai ba da tukwici ta zama mai gina hanya, kuma hakan ya faru ne mataki-mataki.

Mataki na farko shi ne dokar manyan hanyoyi ta Mayu 1913, wadda ta zana hanyoyi masu tsawon mil 3,000 da za su haɗa manyan garuruwa, ta kuma ninka tukwici ga duk hukumar da ta yi aiki a kansu. Karon farko ke nan da jiha ta faɗi inda take son hanya ta bi. Dokar ta kuma ɗora wa ma'aikatar zanawa da gina gadojin da suka kai ƙafa 30 ko fiye a kan waɗannan hanyoyi, gada ta farko kuwa an yi ta a kan Kogin Peshekee a Lardin Marquette a 1914. A 1915 wata doka da ake kira dokar Covert ta ba masu filaye a bakin hanya damar su nemi a yi musu hanya a ɗora musu wani kaso na kuɗin. Ta samar da ƙananan hanyoyi masu yawa, amma ta bar wasu larduna da bashin da ya zame musu ƙaya lokacin karyewar tattalin arziki na shekarun 1930.

Mataki na biyu daga gwamnatin tarayya ya zo. A watan Yuli na 1916 Shugaba Woodrow Wilson ya sa hannu a dokar tallafin hanyoyi, wadda ta ware dala miliyan 75 na shekara biyar, a raba wa jihohi gwargwadon faɗin ƙasa da yawan jama'a da tsawon hanyoyin kai wasiƙu. Sharuɗɗan su ne, jiha ta kawo rabin kuɗin kowane aiki, kuma ta kasance tana da ma'aikatar hanyoyi wadda za a yi hulɗa da ita. A nan za a ga cewa dabarar da Mishigan ta yi wa gundumominta ita tarayya ta yi wa jihohi: ga kuɗi, amma sai an bi ƙa'ida. Yaƙin Duniya na Farko ya jinkirta aikin, sai dai ya nuna muhimmancin hanya, domin layin dogo ya cunkushe, dole aka riƙa tuƙa manyan motocin soja daga masana'antun Detroit zuwa gaɓar teku. A wannan lokaci ne aka fara kwashe ƙanƙara daga kan manyan hanyoyi domin su biyu a cikin hunturu. A 1921 wata dokar tarayya ta taƙaita tallafin ga zaɓaɓɓun hanyoyi da ba su wuce kashi 7 cikin 100 na hanyoyin kowace jiha ba, domin kuɗin ya tafi ga hanyoyi masu haɗewa.

Mataki na uku shi ne na 1919, lokacin da jama'ar Mishigan suka sake gyara tsarin mulki suka yarda jiha ta ciwo bashin dala miliyan 50 domin hanyoyi. Wannan ya ninka bashin 1837 sau goma, kuma jikokin waɗanda suka rubuta haramcin 1850 ne suka jefa ƙuri'ar amincewa. A wannan shekara aka ba ma'aikatar ikon fara ayyuka da kanta a kan manyan hanyoyi, aka kuma sa musu lambobi da alamar harafin M, inda Mishigan ta zama jiha ta biyu da ta yi haka bayan Wisconsin. A 1923 ma'aikatar ta fara gudanar da jirgin fiton motoci a Mashigin Mackinac domin haɗa ɓangarorin jihar biyu, aikin da ya ci gaba har aka buɗe gada a 1957.

Mataki na huɗu shi ne ya warware tambayar wa zai biya. Bashi sai an biya shi, hanya kuma tana buƙatar gyara kowace shekara, harajin fili kuwa ya riga ya yi wa manoma nauyi. Jihar Oregon ta fara ɗora haraji a kan man fetur a 1919. A Mishigan majalisa ta amince da irinsa a 1923, Gwamna Alex Groesbeck ya ƙi sa hannu, sai a 1925 aka daidaita a kan senti 2 kowane galan, aka ƙara zuwa senti 3 a 1927. Da wannan haraji da kuɗin rajistar motoci, wanda ya fi bin hanya shi ya fi biya, kuma kuɗin yana ƙaruwa da ƙaruwar motoci, waɗanda kafin ƙarshen shekarun 1920 sun haura miliyan ɗaya a jihar. Daga nan jiha ta ɗauki nauyin ginawa da kula da manyan hanyoyi. A ƙarshe, dokar McNitt ta 1931 ta umarci larduna su karɓi hanyoyin gundumomi kashi-kashi cikin shekara biyar, wanda ya kawo ƙarshen tsarin da aka faro a 1827.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa bunƙasar hanyoyin Mishigan ta biyo bayan sauye-sauye uku ne da suka tafi tare. Ikon hanya ya tashi daga ƙaramar shiyya zuwa lardi da jiha, gwargwadon yadda tafiye-tafiyen jama'a suka ƙara nisa. Aikin ya tashi daga hannun manomi mai shebur zuwa hannun injiniya mai ƙa'ida. Kuɗin kuma ya tashi daga aikin ƙarfi zuwa harajin fili, daga nan zuwa aljihun mai mota. Duk lokacin da ɗaya daga cikin ukun ya yi gaba ya bar sauran, akan sami matsala, kamar yadda hanyoyin katako da bashin dokar Covert suka nuna.

Har ila yau, tarihin ya nuna cewa ma'aikatar ba da ƙarfin doka ta karɓi hanyoyin ba. Ta fara da ɗan tukwici da mil ɗaya na tsakuwa, ta bar mutane suka ga amfanin da idonsu, sannan suka ƙara mata iko da ƙuri'arsu, a 1905 da kuma 1919. Ma'aikatar ta sauya suna sau da dama, tun 1978 kuma ana kiranta Ma'aikatar Sufuri ta Mishigan, amma rabon aikin da aka kammala a 1931, wato manyan hanyoyi a hannun jiha, hanyoyin karkara a hannun larduna, titunan cikin gari a hannun birane, shi ne ginshiƙin da ake tafiya a kai har yanzu.